Bulutut Ɗin da Ya Dace da Malam Habu Tela

Ku samarin nan da kuke jingina da rumfata kuna cewa wai wannan ma sana'a ce, ku matso, na ji ku sarai. A ganinku aikin bai wuce a zaro kwali daga cikin gilashi a miƙa wa mutum a ce Allah ya sa albarka ba. Jiya ma wani cikinku ya ce ƙanwarsa ta firamare za ta iya. To, Allah ya ba ta sa'a. Ni dai furfurar nan a cikin Kasuwar Sabon Gari ta same ni, kuma har gobe idan mutum ya tsaya ya ce in ba shi bulutut mai kyau, abin amsa wayan nan na maƙalawa a kunne, hannuna ba ya taɓa kwali sai na ishe shi da tambaya. Mai kyau a kunnen wa? Mai kyau a ina? Ku ajiye wayoyin nan tukuna, in ba ku labarin Malam Habu Tela, wanda saura ƙiris a rufe masa shago a kan abin da kuke rainawa.

Da hantsi suka zo, shi da 'yarsa Hadiza. Dattijo ne siriri, guntayen zare duk sun manne masa a gaban riga, ƙafar tabaransa ɗaya ma da zare aka ɗaure ta. Shagonsa yana Fagge, a wani lungu kusa da masu yadi, kaftani da manyan riguna yake ɗinkawa. Hadiza malamar makaranta ce, ita ta yi bayani, shi kuwa yana tsaye yana kallon ƙasa kamar an kawo ƙararsa. Ta ce mahaifiyarta, Inna Yalwa, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, tana kwance a gida a Rijiyar Lemo. Ɓarin hagu ne kawai yake motsi, magana kuma da ƙyar take fita. Sun saita mata ƙaramar waya mai maɓallai, guda ɗaya za ta danna ya kira Malam. Matar maƙwabci tana leƙa ta, Hadiza ma tana zuwa idan an tashi daga makaranta, amma a tsakani babu kowa sai wayar.

Matsalar ita ce Malam ba ya jin kiran. Waya tana cikin aljihu, keken ɗinki yana kuka, janareta yana kuka, ina zai ji? Ya rasa kira na farko, aka yi masa magana. A na biyu Inna ta gaji da kira, ta miƙa hannu za ta ɗauki ruwa da kanta, ta zamo daga kan gado, a ƙasa maƙwabciyar ta same ta. Sai 'ya'yan suka zauna suka yanke shawara: idan aka sake, Baba zai rufe shago ya dawo gida, su za su ɗauki nauyin komai. Ba da gatsali Hadiza ta faɗa ba, ka ga yarinya mai tausayin iyayenta duka biyun. Da ta kai aya, sai dattijon ya ɗago ya dube ni, ya yi maganarsa ta farko tun zuwansu.

"Malam Garba, idan na zauna a gida, marasa lafiya sun zama biyu."

Na tambaya ko sun taɓa gwada wani. Ashe babban ɗansa ya aiko masa da bulutut 'yan biyun nan marasa igiya masu kwana a cikin ɗan akwati, masu tsada kuwa. Malam Habu ya laluba aljihu ya fito da akwatin, na buɗe, guda ɗaya ne a ciki. Ban ma bari ya faɗa ba, na ce a wurin alwala ɗayan ya tafi. Ya ce wallahi a nan ne, ya cire ya ɗora a kan dakali zai shafi kunne, gefen rigarsa ya share shi ya faɗa kwata.

Ku dubi gwangwanin nan da ke ƙarƙashin gilashi. Marayu ne zalla, kowanne ɗan'uwansa ya bi ruwan alwala, masu su suka bar mini ko za a dace da irinsa. Waɗanda suka ƙera 'yan biyun nan ba su san ana alwala ba. Mutumin da zai cire abu daga kunne a kowace salla, da jiƙaƙƙen hannu, a bakin masallacin kasuwa ana turereniya, ba ka ba shi abin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ka ba shi mai rataya a wuya, wanda zai zare daga kunne ya sake shi a ƙirji ya yi alwalarsa hankali kwance. Babu kwalin da aka rubuta wannan a jikinsa.

Haka wata Hajiya mai sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa ta zo mini a fusace, wai duk abokan cinikinta sun koyi kashe mata waya tana tsakiyar magana. Na ce ta sa abin ta kira ni. Muna cikin gaisawa ta ɗaga hannu ta gyara hijabi, kira ya yanke. Irin wanda ake shafawa ne, ba shi da maɓalli, kuma bai san bambancin yatsa da hannun da ya biyo ta bayan ƙyalle ba. Na canza mata da mai maɓalli na gaske, wanda sai ka danna ka ji ƙas, rigima ta ƙare. Wani direban adaidaita kuma ya nace sai mai toshe kunne biyu, mai dukan ganga sosai, don ya ji waƙa. Na ce kunne ɗaya zan ba shi, ɗayan na titi ne da fasinjojin da ke bayansa. Ya kira ni tsoho mai taurin kai, ya wuce rumfar gaba ya saya. Ya je dai, ba daga hannuna ba.

Wannan tambaye-tambayen ba ni na ƙirƙiro su ba, a wurin ubangidana na gada. Ba da waya na fara ba, lokacin ina wayar take? Gyaran rediyo da kaset na koya a wurin Oga Ikenna, Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasunku daɗi, ku da rabin maganarku Turanci ne. Na daɗe a shagonsa kafin ya bar ni in taɓa ƙarfen narka dalma. Aikina shara da saurare. Zai kunna rediyo ya ce in rufe ido in gaya masa abin da ke damunta, in na yi kuskure ya ja mini kunne ya ce ai shi ne kayan aikin, gara ya farka. Idan ya gama gyara kuma ba ya yarda da abin da ya ji a kan teburinsa. Sai ya tambayi mai ita a ina ake kunna ta: teburin mai shayi ne a bakin titi, ko ɗakin tsohuwa ne? Abin da ya fi maimaita mini shi ne, sauti ba na mai gyara ba ne, na wanda zai ji ne. Allah ya saka masa, ya riƙe ni tamkar ɗansa, ranar da ya sallame ni har da mitarsa ta gwajin wuta ya haɗa mini.

Da waya ta shigo na koma sayar da kayanta, sai na ga maganar Oga ta ƙara nauyi. A cinikin bulutut kunnuwa iri biyu ne: na wanda ke tsaye a gabanka, da na wanda zai riƙa kira, wanda ba ka taɓa gani ba. Ku kuwa me kuke yi? Ku sa wa mutum waƙa, ganga ta doki kunnensa, ya gyaɗa kai, shi ke nan an gama. Ni kayan gwajina ga su nan: tsofaffin wayoyi biyu, mitar Oga ta duba batir, burushin haƙori da sifirit na wanke dattin kunne, da kwalbar robobin kunne manya da ƙanana, don kunnen mutane ba ɗaya ba ne, na dama da na hagu ma sukan saɓa. Babban kayan aikina kuwa janaretan maƙwabcina ne. A gindinsa nake tsayar da mai saye, ni in tafi can ƙarshen layi in kira shi. Idan na ji maganarsa tsaf, makirufon ya ci jarrabawa.

Wahala ce ta koya mini tsananta wa makirufo. Wata shekara na zuba kusan duk jarina a kan wani kaya masu rataya a wuya. Batir kamar ba zai mutu ba, maɓallai masu kyau, idan kira ya shigo ya yi ta karkarwa a wuya. Amma makirufonsu kwashe-kwashe ne, duk abin da ya motsa a kusa sai ya ɗauka, har ya fi ɗaukar hayaniya a kan muryar mai shi. Aka yi ta dawo mini da su. Wani bawan Allah ya ce wa matarsa yana hanyar Kaduna, ita kuwa tana jiyo masu tallan Sabon Gari raɗau, ya zo har nan zai ci kwalata kamar ni na ce ya yi ƙarya. Wanda ya shigo da kayan ya ɓace, kaya suka tashi a kasuwa, ban iya sake sari ba. Babur ɗina ya tafi a shekarar, na koma gyaran caja da lasifika don a ci abinci a gida. Ragowar kwalin na tura shi ƙarƙashin benci. Zuciyata ba ta ba ni in zubar ba, ba ta kuma ba ni in cuci wani da su ba, sai ya zama wurin ɗora ƙafata.

To, da na gama jin bayanin Hadiza, sai na ce ba zan sayar musu da komai a nan ba, su tafi, zan biyo Malam shago bayan Azahar. Na ɗauki kala uku na tafi Fagge. Shagon ɗan ƙarami ne, tsohon baƙin keke mai takawa da ƙafa a bakin ƙofa, wurin da hannu ke dafawa har ya koɗe ya yi fari. Dama da shi masu aikin wuyan riga ne da injinansu, hagu janareta, gaba kuma adaidaita suna ta hon. Na ce lallai, ko ni ba zan ji waya a nan ba.

Na zaɓa masa mai rataya, mai karkarwa a wuya idan kira ya shigo, don ko kunne bai ji ba fata za ta ji. Maɓallinsa babba ne, yatsan dattijo ba zai yi lalube ba. Na gwada masa robobi har muka sami wadda ta zauna, na ce kunne ɗaya zai riƙa sawa, ɗayan ya bar wa masu sallama. Makirufonsa kuwa shi ne mafi kyau a duk rumfata, irin mai tace hayaniya ya bar murya kaɗai. Na tsallaka titi na kira shi, na ce ya taka keke da ƙarfi. Ina hango ƙafarsa tana aiki, amma a kunnena babu keke, babu janareta, sai muryarsa tas. Na ji daɗin aikina ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Kafin in tafi ya sa aka kawo mini ruwa, muka ɗan taɓa hira. A nan ya gaya mini asalinsu 'yan Fagge ne, a gidan gado suka yi yawancin zamansu, kekensa a zaure, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Yalwa. Ya ce daga cikin gida takan san shadda yake ɗinkawa ko yadi mai laushi, idan keke ya yi shiru kuma ta san lokacin miƙo abinci ya yi. Har tsokanarta yake yi wai ta fi shi sanin kukan kekensa. Da aka raba gado aka sayar da gidan, suka koma ɗaki da falo a Rijiyar Lemo, babu zaure, masu kawo ɗinki kuma duk a Fagge suke, shi ya sa ya kama shagon. Na saurara dai irin sauraron hira, na yi masa sallama na dawo kasuwa.

An ɗan kwana biyu sai ga Hadiza ita kaɗai, fuskarta ba daɗi. Na ce ko abin ya lalace ne. Ta ce a'a, tun ranar Baba bai rasa kira ko ɗaya ba, kafin a yi ƙara biyu ya ɗauka. Amma Inna ce ta rikice. Za ta kira, ya ɗauka, ta yi shiru tana saurare, sai ta fashe da kuka ta ture wayar. Jim kaɗan ta sake kira, a sake haka. Ta rage cin abinci. Idan ya dawo da yamma sai ta juya fuska bango, ko kallonsa ba ta yi, an yi tambayar duniya ta ƙi cewa komai. An kai ta asibiti, an ce jikin bai ƙaru da komai ba. Yayyen Hadiza sun ce ai magana ta fito, kaɗaici ne, waya ba za ta maye mutum ba, ƙarshen wata Baba zai mayar wa mutane yadinsu ya miƙa mukulli. Ita dai ta biyo ne ta ji ko abin yana yin wata ƙara a ɗaya ɓangaren da ke firgita mara lafiya.

Na buɗe baki zan ce na gwada da kunnena, sai na tuna a bakin titin Fagge na gwada, ba a ɗakin da ake saurare ba. Na ce idan babu damuwa, ta nema mini izini in je in ji daga wayar Inna.

Da la'asar muka isa. Hadiza ta shiga ta kimtsa Inna, ta yi mini iso, na zauna a kan tabarma daga bakin ƙofa. Ɗakin tsaf, shiru kuma kamar ba a cikin Kano ba, don gidan yana can ƙuryar lungu. Inna Yalwa 'yar ƙaramar mace ce, an lulluɓe ta da zane, idonta tar. Na gaishe ta, ta amsa da ka. Hadiza ta buɗe lasifikar wayar, ta lallashe ta ta danna. Nan take Malam ya ɗauka.

"Yalwa, ga ni. Me ake so?"

Muryar ta fito wasai, babu ko ɗigon hayaniya. A sana'ance babu abin da zan ce wa makirufon nan sai sambarka. Amma na lura ba maganarsa take saurare ba. Ta karkata kai tana neman wani abu a bayan muryar, ƙafarta mai lafiya tana motsi a ƙarƙashin zane, gaba da baya, gaba da baya, irin na mai taka keke. Can ƙafar ta tsaya. Hawaye ya gangaro, ta ture wayar. Hadiza ta kashe, ta durƙusa tana tambayarta abin da ta yi ta tambaya kwana da kwanaki. Ban sani ba ko ganin baƙo ne ya sa, ko gajiya da riƙe abin a ciki. Bakinta ya daɗe yana kokawa kafin kalmomin su fito.

"Ba ya shago."

Hadiza ta ce wallahi yana shago, yanzu haka ɗinki yake yi. Tsohuwar ta girgiza kai.

"Kun rufe. Saboda ni."

Hadiza ta zauna daɓas a ƙasa tana kallona, ni kuma a lokacin na gane komai. A da, duk ranar da Malam ya dace ya ɗauki waya, Fagge gaba ɗaya takan biyo muryarsa ta shigo ɗakin: janareta, hon, injinan maƙwabta. Da wannan take sanin mijinta yana bakin aikinsa, duniya tana tafiya yadda ta san ta. Tun ranar da na rataya masa abin nan, sai murya kawai take ji daga wani wuri shiru. Ta kuma san shawarar da 'ya'yanta suka yanke, a gabanta aka yi. Sai ta ɗauka an riga an rufe shagon, dattijon yana fita da safe ne ya je ya zauna a wani wuri don kada ta sani, kowa kuma yana rufa masa. Tana kwance tana ganin ita ta raba shi da sana'arsa, ga ta ba bakin yin gardama.

Na yi wa Hadiza bayani a tsakar gida. Ta ce to a cire abin mana. Na ce idan an cire mun koma gidan jiya, ba zai ji kira ba. Abin da ake nema shi ne mai karkarwa a wuya, mai babban maɓalli, mai riƙe caji, amma makirufonsa ya zama marar tarbiyya, mai kwaso duk abin da ya ji. Ta tambaya ko ana samun irinsa. Na ce mata a duk Kano ban san wanda ya fi ni tara su ba.

Na dawo rumfa na jawo kwalin daga ƙarƙashin benci, maƙwabta suna dariya wai yau kuma wa tsautsayi ya faɗa wa. Yawancinsu batirin ya mutu saboda daɗewa. Na bi su da mita ɗaya bayan ɗaya, na ware masu rai, na goge, na sa a caji, na tsaya a gindin janareta na sa maƙwabcina ya kira ni. Ya ce ba ya jin komai sai masifar injinsa. Na ce madalla.

Washegari Asabar ce, Hadiza tana gida. Na biya Fagge da safe na tarar Malam Habu ya fara ninke yadin mutane yana jerawa gefe, waɗanda zai mayar ba a ɗinka ba. Da na gaya masa abin da matarsa ta ce, sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Na zare masa mai tace hayaniyar, na rataya masa na kwalin, na haɗa da wayarsa. Na ce idan ya ji karkarwa ya danna, kada ya ɗaga ƙafa daga keke, ko ta yi shiru ya ci gaba da ɗinkinsa. Ya ce shi da ya san shiru ake nema wa mara lafiya, yau kuma hayaniya zan sa ya aika mata? Na ce ita aka ce a kawo. Na hau adaidaita na nufi Rijiyar Lemo.

Na tarar Inna ta juya fuska bango. Hadiza ta kai mata wayar, Inna ta ƙi ko kallonta, Hadiza ta kama hannunta, ta janye. Sai Hadiza ta danna da kanta ta ajiye a kan matashi.

Yana ɗauka Fagge ta afko cikin ɗakin. Janareta, hon ɗin adaidaita, wani yana ƙwala wa mai rake kira, injin maƙwabci yana ta ɓarin aiki. A saman duka kuma ga tsohon keken nan, kakat-kakat-kakat, kusa sosai, don makirufon yana lilo daidai saitin kansa. Sallamar Malam ma da ƙyar muka tsinto ta a ciki. Tunda nake sana'ar nan ban taɓa jin sauti mai muni irin wannan ya fito daga kayan da na ba mutum ba.

Inna Yalwa ba ta motsa ba da farko. Sannu a hankali ta juyo da kai daga bango. Idonta yana kan wayar, ƙafar nan ta fara motsi a ƙarƙashin zane, tana bin keken daidai, in ya yi sauri ta yi sauri, in ya lafa a kwana ta lafa. Mun daɗe a haka, har na fara tunanin in sulale in ba su wuri. Sai na ga ta ɗan yamutsa fuska, ta karkata kunne, ta yi wa Hadiza alama ta matso mata da wayar kusa da baki.

"Malam."

"Na'am, Yalwa. Ina jin ki."

"Keken nan... yana son mai."

Keke ya tsaya cak. Muka ji dattijon ya ja hanci, ya yi gyaran murya har sau biyu. Sai ƙarar jawo aljihun tebur, da ƙwanƙwasar ɗan gwangwanin mai a jikin ƙarfe, duk makirufon nan marar kunya ya kwaso mana. Da ya sake takawa, kukan ya sauko ya yi laushi, ni kaina na ji bambancin. Inna ta gyaɗa kai, ta lumshe ido, ta nuna kwanon kunun da ke gefe tun safe ba a taɓa ba.

Ina sa takalmi a bakin ƙofa Hadiza ta biyo ni, idonta jawur. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce yau za ta kira yayyenta, ta kuma nemi tsarin kira mai sauƙi a sa wa layukan biyu, tunda ga alama wayar nan ba za ta riƙa hutawa ba. Sannan ta tambaya ko akwai saura masu rai a kwalin. Na ce akwai. Ta ce in ajiye musu duka, kada in sayar wa kowa. Na ce ta kwantar da hankalinta, shekara da shekaru babu wanda ya yi mata takara a kansu.

Shagon yana nan a buɗe, kaftanin da ke jikina ma daga can ya fito. Idan kun bi ta lungun da hantsi za ku ga dattijo yana taka baƙin keke, tsohon bulutut rataye a wuyansa, kunne ɗaya a toshe, bakinsa a rufe ba ya cewa komai. Kada ku ɗauka waƙa yake ji. Ku yi sallama da ƙarfi yadda kuka saba, ba sai kun rage murya ba, akwai mai amsa muku a Rijiyar Lemo.